Takardar Ruwan Inabi a Gidan Cin Nama

Akwai wata takarda wadda ba mu koya wa yara karatunta a makaranta, amma tana jiran da yawa daga cikin 'ya'yanmu a gaba. Ita ce wadda akan miƙa wa baƙo a manyan gidajen cin gasasshen naman sa na Amurka da Turai, inda aka jera sunayen ruwan inabi, kowanne da shekararsa da kuɗinsa. Irin gidajen nan sun riga sun iso Legas da Abuja. Yaran da muka koya wa abacada sun girma, sun sami aiki, manyansu na ofis suna kai su cin abinci a wuraren nan. Waɗansunsu sukan tambaye mu, "Malam, in an miƙo mini takardar nan, yaya zan yi?" Tambaya ce ta gaske, tsawa kuwa ba za ta amsa ta ba.

Bari mu fara da sanin abin. A gidajen nan ba a yanka nama siri-siri kamar na tsire. Tsoka guda akan gasa, kaurinta ya kai yatsu biyu, da kitse a jikinta. Abin da suka saba sha da ita shi ne jan ruwan inabi, wato wanda aka bari ya tsima tare da ɓawon 'ya'yan inabin da ƙwayoyinsu. Daga nan yake samun bauri, irin wanda muke ji a goro, ko a shayin da ya daɗe a wuta. Masu sha sun ce baurin yana wanke maiƙo daga baki, maiƙon kuma yana rage baurin. Shi ya sa sunaye biyu sukan yawaita a takardar. Ɗaya shi ne Cabernet Sauvignon, inabin da ya yi suna a yankin Bordeaux na Faransa da kwarin Napa na Kalifoniya. Ɗayan kuwa Malbec ne, wanda asalinsa Faransa, amma ya sami gida a Mendoza ta Ajantina, ƙasar da ta shahara wajen cin naman sa. Shekarar da aka rubuta kusa da sunan ita ce shekarar da aka girbe inabin.

Kada daɗin sunan ya ruɗe mu. Abu ne mai sa maye. Ƙarfin barasar da ke cikinsa yakan kama daga kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, alhali giyar kwalba takan tsaya wajen kashi 5. Kwalba guda mililita 750 ce, tana cika kofi biyar, kowane kofi kuwa ya yi kusan daidai da ƙaramar kwalbar giya. Mutum biyu da suka shanye kwalba ɗaya a kan nama, ba ɗan kaɗan suka sha ba. A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da illa ga jiki.

Sai kuma kuɗi. Gidajen abinci sukan sayar da kwalba ninki biyu ko uku na kuɗinta a kanti. A nan ribarsu mai yawa take. An kuma san halin ɗan adam. Baƙo ba ya so a gan shi ya zaɓi mafi araha, don kada a ce talaka ne. Ba ya so ya tambaya, don kada a ce baƙauye ne. Sai ya sa yatsa a kan sunan da bai iya faɗa ba, ya biya kuɗin da zai ciyar da iyalinsa mako guda. Ba ƙishirwa ce ta tura shi ba, kunya ce.

To, manyan sunayen nan fa, ina suka samo girmansu? A shekara ta 1855, bisa ga umarnin Sarki Napoleon na Uku, dillalan Bordeaux suka kasa fitattun gonakin inabin yankin aji biyar, gwargwadon sunan da suka yi da kuɗin da ake biya. Har yau jerin nan yana nan, canjin da aka yi masa kaɗan ne ƙwarai. Amma a shekara ta 1976 wani ɗan kasuwa mutumin Ingila, Steven Spurrier, ya tara gwanayen Faransa a Paris, aka ba su ruwan inabin Faransa da na Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka haɗa maki, na Kalifoniya ya zo na ɗaya, a fari da ja duka. Ashe gwanaye ma, in an rufe musu suna, ba kullum suke zaɓar abin da duniya ta ce shi ne babba ba. In haka ne, don me ɗan makarantarmu zai ji tsoron takarda?

Mun taɓa ganin abin da idonmu. Wani tsohon ɗalibinmu ya gayyace mu, mu malamai uku, zuwa irin gidan nan tare da abokan aikinsa. Aka kawo takardar, mai kauri kamar littafin rajista. Ɗaya daga cikin abokan ya zaɓa. Ma'aikacin ya nuna masa kwalbar, ya buɗe, ya zuba masa ɗan kaɗan, ya tsaya yana jira. Mutumin ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya kaɗa kai. Ɗalibinmu ya raɗa mana cewa ba jarrabawa ba ce, ana dubawa ne ko toshiyar kwalbar ta ɓata abin da ke ciki. Da aka zo kansa, sai ya ce da murmushi, "Na gode, ba na sha. A ba ni ruwa mai gas da lemon tsami." Ma'aikacin ya ɗauke kofinsa, ya kawo abin da ya roƙa. Ba wanda ya ɗaga kai. Hira ta ci gaba, nama kuwa bai rage daɗi ba. Muka lura cewa da ya faɗi haka, wani saurayi a gefensa shi ma ya ce a ba shi irin wannan.

Watakila wani zai ce, "Ai Ubangiji Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, Manzo Bulus kuma ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa." Gaskiya ne, ba kuwa za mu ɓoye wa 'ya'yanmu abin da ke rubuce ba. Akwai masu bi na ƙwarai a Faransa da Italiya waɗanda suka tashi da kofi guda a kan abinci, ba mu ne za mu yanke musu shari'a ba. Amma Littafin nan dai ya hana buguwa, Karin Magana sura 23 kuma ta zana mana halin mashayi sarai. Mu da muke koyarwa mun san yaran da aka kora gida domin kuɗin makaranta ya ƙare a gidan burkutu. Saboda haka ikilisiyoyinmu da yawa suka zaɓi ƙauracewa ɗungum. Ba mu kaɗai ba ne. A shekara ta 1869 wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan 'ya'yan inabi don kada ya tsima, domin a yi Jibin Ubangiji da abin da ba ya sa maye.

Ga abin da muke faɗa wa masu tambayarmu. Ka yanke shawara tun kana gida, kada ka bari sai takarda tana hannunka. Daniyel tun da fari ya ƙudura a ransa game da abinci da ruwan inabin sarki, ya kuma roƙa da ladabi, ba da faɗa ba. In za ka ƙi, kalma biyu sun isa. Kada ka yi ƙaryar ciwo, kada kuma ka mai da teburin mutane wurin wa'azi. In kana son abin da zai wanke maiƙo, ga ruwa mai gas, ga lemon tsami, ga shayi mara madara. Mu da muka saba kora balangu da zoɓo ba baƙin wannan hikima ba ne. In kai ne mai masauki, kada ka ɗauki nauyin abin da lamirinka bai yarda da shi ba, kada kuma ka ci bashi don a ce kai wani ne. Ka tuna da na kusa da kai, gama Romawa sura 14 ta koya mana mu kula kada abincinmu ko abin shanmu ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ba ka san wanda yake fama da jarabar kwalba a ɓoye ba, yana jiran mutum ɗaya ya fara cewa a'a.

Iyaye, aikin nan namu ne. Mu yi wa 'ya'yanmu bayanin duniyar da za su shiga, da gaskiya, ba da tsoratarwa ba. Yaron da ya san abin da ke cikin kwalba, ya san kuɗinta, ya kuma san wanda yake bauta wa, ba za a saye shi da kunya ba. Allah ya ba mu hikima, mu da su. Amin.