Kempton Park: Zauren da Maƙiya Suka Zauna

Ina da sa'o'i biyar kafin jirgina ya tashi daga Johannesbag, sai na ce wa direban tasi ya kai ni inda aka yi taron CODESA. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Yallaɓai, gidan caca kake nufi?"

Da gaskiyarsa. Wurin da ake kira World Trade Centre a Kempton Park, dab da filin jirgin sama na O.R. Tambo, yau ya zama Emperors Palace: otal-otal, gidajen abinci da na'urorin caca. Na tsaya a harabar ina tuna cewa a nan ne, ranar 20 ga Disamba 1991, ƙungiyoyi 19 suka zauna don kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Ba zaman zumunci aka yi ba. Tun ranar farko Shugaba de Klerk ya soki ANC kan ƙin rushe dakarunta, Mandela kuwa ya koma kan mumbari ya yi masa wankin babban bargo. A Mayun 1992 taron ya cije kan yawan ƙuri'un da za su tabbatar da tsarin mulki. A watan Yuni aka kashe mutum 45 a Boipatong, ANC ta janye. Duk da haka Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na gwamnati ba su daina ganawa ba.

A Afrilun 1993 aka dawo, ƙungiyoyi 26. Cikin kwanaki aka harbe Chris Hani. Ranar 25 ga Yuni 'yan ƙungiyar AWB ta fararen fata suka fasa ƙofar gilashin ginin da mota mai sulke. Aka share gilashi, aka ci gaba. ANC ta haɗiye abu mai ɗaci, ta yarda da shawarar Joe Slovo ta raba mulki na shekara biyar da waɗanda suka ɗaure shugabanninta. A Nuwamba aka amince da tsarin mulkin wucin gadi, aka yi zaɓe ranar 27 ga Afrilu 1994.

A hanyar komawa na tuna Taron Ƙasa na 2014 a Abuja, wanda rahotonsa ke shan ƙura. Mu ma mun iya zama. Abin da muka rasa shi ne shugabannin da za su sadaukar da wani abu, su kuma aiwatar da abin da suka sa wa hannu.