Dannet: Masu Raunin Fahimta A Ƙasar Makiyaya

Daga Agadas zuwa Arlit tafiyar kilomita 240 ce. Kafin matafiyi ya kai Arlit sai ya ratsa ƙasar kwamin ta Dannet. A hannun dama, wajen gabas, duwatsun Abzin ne. A hannun hagu fili ne shimfiɗe, iyakar ganin ido.

Dannet ƙasar makiyaya ce. Mutanenta Abzinawa ne, harshensu Tamajak, amma a kasuwa da Hausa ake ciniki. Dukiyarsu raƙuma da awaki da tumaki da jakai. Damina gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba. In an yi ruwa bisa duwatsu, sai koramu su gangaro fili, ciyawa ta fito. Sauran shekara rijiya ce ke riƙe da mutum da dabba.

Ƙarƙashin wannan ƙasa akwai uraniyom. Kamfanin Somair ya fara fitar da shi a Arlit a 1971. Cominak ta fara a Akokan a 1978, ta rufe ran 31 ga Maris 2021. A Imuraren, kilomita 80 kudu da Arlit, an ba kamfanin Faransa izinin haƙa a 2009, aikin ya tsaya a 2014, gwamnati ta karɓe izinin a 2024. Wannan labari kowa ya ji shi a rediyo. Amma akwai wasu mutanen Dannet da rediyo ba ta faɗin labarinsu.

Su ne manya masu raunin fahimta. Mutum ya yi shekara 25 ko 30, jikinsa da ƙarfi, amma magana da lissafi da gane abu suna zo masa a hankali, tun yana yaro. Jama'a na ce masa wawa ko dolo. Waɗannan sunaye zagi ne, ba sunan cuta ba. Shi ba mahaukaci ba ne, kuma ba aljani ya taɓa shi ba. Abin da ke kawo wannan rauni likita ya san da yawa cikinsa: doguwar naƙuda wadda ta hana jinjiri numfashi, sanƙarau, zazzaɓin sauro da ya hau kai, yunwa tun ƙuruciya, da rashin sinadarin iyod a abincin mai ciki. Wani kuma haka aka haife shi. Ba a ɗaukar abin wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Babu allurar da ke warkar da shi. Amma mutumin yana koyo, in an koya masa yadda ya dace.

A zangon makiyaya, irin wannan mutum bai cika zama banza ba. Kiwo aiki ne mai maimaita kansa. Abin da aka yi jiya shi za a yi yau. A bakin rijiya ana bukatar mai kora jaki ko raƙumi ya ja igiya har wasaki ya fito, ya juyo, ya sake. Ana bukatar mai tsare ƴan awaki kada su sha nonon uwayensu kafin a tatsa. Ana bukatar mai itace, mai cika salka, mai juya cuku bisa tabarma ya bushe. Mace tana iya daka, tana iya tsaga kaba ta miƙa wa mai saƙa. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan, ya ci tuwonsa da guminsa, kuma ranar da bai fito ba zango ya san bai fito ba.

Wahala tana zuwa ta ƙofa biyu. Ta farko, rasuwar uwa. Sau da yawa ita kaɗai ke gane maganarsa, ita ke tuna masa wanka, ita ke raba masa abinci. Ta yi masa kome saboda tausayi, ba ta bar shi ya koya ba. Ranar da ta kwanta dama, sai a ga babban mutum wanda bai iya ɗaura wa kansa rawani ba. Tausayi irin wannan, ba laifi in an ce cuta ne.

Ƙofa ta biyu, mutuwar dabbobi. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, makiyaya da yawa sun rasa garkensu, sun koma gefen Arlit sun kafa bukkoki. A gari babu rijiyar kiwo, babu ƴan awakin tsarewa. Akwai mota, akwai kuɗi, akwai yara masu jifa. Wanda yake da aiki a daji, a gari sai a miƙa masa ƙwarya a ce ya tafi tasha. Mace kuwa haɗarinta ya fi, don akwai marasa tsoron Allah da suka san ba ta iya kai ƙara.

Saboda haka koyarwa tun iyaye na da rai take. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, tun bayan taron Alma-Ata na 1978 ta ce ba sai an gina babban gida a birni an tara naƙasassu ba. A koya musu a garinsu, da hannun danginsu. Hanyar ba ta cin kuɗi, haƙuri take ci.

Ga yadda ake yi. A ɗauki aiki ɗaya tak. A raba shi ƙanana. Misali tatsar akuya: wanke hannu, wanke ƙwarya, riƙe akuya, tatsa, rufe nono. Mai koyarwa ya yi duka, ya bar masa na ƙarshe, wato rufewa. In ya iya, a yaba masa nan take. Gobe a bar masa biyu na ƙarshe. Haka har ya kai na farko. Kullum lokaci ɗaya, wuri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya. A nuna da hannu, a rage surutu. Ba duka, ba dariya. Wani zai iya cikin sati, wani sai wata uku.

Bayan aikin hannu, akwai abubuwan da ke tsare rai. Ya san sunansa, da sunan ubansa, da sunan rijiyar da zangonsu yake, ya iya faɗinsu da Tamajak da Hausa. A ƙasar da mutum ke ɓata cikin yini ɗaya ƙishirwa ta kashe shi, wannan ba wasa ba ne. Ya saba fita da ruwa. Ya gane dala biyar da dala goma da dala ashirin, a riƙa aikensa sayen sukari da shayi, a gaya wa mai kanti tun da wuri. Ya duba dama da hagu kafin ya ƙetare hanyar manyan motoci. Mace ta koyi cewa a'a, ta san wadda za ta gaya wa in wani ya taɓa ta.

Gwamnati ma ta yi dokoki. Akwai dokar 2 ga Maris 1993 ta kare naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu. An ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a Disamba 2019 aka yi sabuwar doka. Ran 31 ga Yuli ranarsu ce a ƙasa duka. Ƙidayar 2012 ta sami naƙasassu fiye da kashi 4 cikin 100 na ƴan ƙasa. Suna da tarayya, FNPH, wadda aka kafa a 1997, cikinta akwai ƙungiyar masu raunin fahimta. A wajen Doso, aikin PRAHN da taimakon ƙungiyar CBM ya gina wa iyalan naƙasassu rijiya da garka a bakin gida, suna ci suna sayarwa.

Sai dai daga Yamai zuwa Arlit kusan kilomita 1200 ne, kuma takarda ba ta hawan raƙumi da kanta. Makafi da guragu suna iya zuwa taro su yi magana. Mai raunin fahimta sai an yi masa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce a maida wa kwaminonin jiha kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinansu. Akuya uku da jaki ɗaya da sunan irin wannan mutum ba za su girgiza asusun kwamin ba, in hukumar kwamin ta sa maganar cikin zamanta. Dangi ma haka: in ana rabon gado, rabonsa nasa ne, a sa amintacce ya riƙe masa a gaban shaidu.

Duk wani taimako da takardar haihuwa yake farawa. Makiyaya da yawa ba su yi wa irin wannan ɗa ba, don sun ce ba lakkwal za shi ba. Wanda ya girma babu ita, ana iya yi masa. Uba ko wa ya tafi ma'aikatar magajin gari ta Dannet da shaidu, a nuna masa hanyar zuwa wajen alƙali a Arlit. In takardar ta fito, a kai mutumin likita ya duba shi ya rubuta, sannan a kai sunansa wajen ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a na gunduma.