Ɗana, Kafin Ka Sa Hannu Kan Kuɗin Jama'a

Ɗana, tunda Allah ya ɗora ka kan kujerar da ake yanke shawara kan dukiyar jama'a, zauna ka ji abin da ya faru a birnin Mayami na Amurka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ƙungiyar Marlins ta wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki, ta ce ba ta da ƙarfin gina filin wasa, in kuwa ba a agaza mata ba za ta tattara ta koma wani gari. A 2009 majalisar gundumar da birnin yake ciki ta amince jama'a su ɗauki kaso mafi tsoka na ginin, wanda ya haura dala miliyan 600. Bashi aka ciwo. In an haɗa da kuɗin ruwa, abin da za a biya cikin shekara 40 ya wuce dala biliyan 2.

Na daɗe ina zama a kwamitocin gari, na san irin wannan barazana. Mai neman kuɗi zai ajiye takarda, ya dubi agogon hannunsa, ya ce in ba yau ba shi ke nan. Sai ka ga dattawa masu furfura suna lalube aljihu neman biro. Kai kada ka yi haka. Duk wanda ya ce maka yau ko a fasa, ka ce masa sai gobe, gaggawa aikin shaiɗan ce. Mai kukan talauci kuma ya buɗe maka littafin ajiyarsa tukuna.

A Mayami ba a buɗe ba. Sai a 2010 takardun ƙungiyar suka fito fili, aka ga ashe riba take ci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma alƙalami ya riga ya bushe. A 2011 masu zaɓe suka tsige magajin gundumar, Carlos Alvarez, da kusan kashi 88 cikin 100, saboda ƙarin haraji da kuma wannan ciniki. Mai ƙungiyar kuwa, Jeffrey Loria, ya sayar da ita a 2017 kan dala biliyan 1.2. Bashin yana nan wuyan mutanen gari, har yaran da ba a haifa ba ranar sa hannu.

Ban ce wasa ba shi da amfani ba, ɗana, matasa na bukatar wurin shaƙatawa. Amma kuɗin amana ne a hannunka. Ka karanta takarda har shafin ƙarshe, ka tambayi wa zai biya, wa zai kwashi riba, sannan ka faɗa wa mutanenka jimillar bashin da bakinka kafin ka ɗaga hannu a majalisa.