Kwalbar manja a gefen murhu

Da sanyin safiyar hunturu a Gwarzo, in ka leƙa madafi za ka tarar da kwalbar manja a jingine gefen murhu, uwargida na jiran ya narke. Man shanun da aka sayo wurin 'yar Fulani a kasuwar Getso shi ma ya yi tauri, sai an sa cokali. Man gyaɗa kuwa ɗan kauri kawai ya yi, ana karkata kwalba zai zubo.

Gwaggota ta Garo, can ƙasar Kabo, takan ɗaga kwalbar ta ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Haka yake daskarewa a jijiya." Ba na musu da ita a fili.

Abin da ke daskarar da man wani sinadarin kitse ne, falmitik, wanda Bafaranshe Edmond Frémy ya tsamo daga manja a 1840. Ƙwayoyinsa miƙaƙƙu ne sambal, suna kwanciya jikin juna kamar karan dawa a dami, shi ya sa sanyi kaɗan ke haɗe su. Ya kai kusan kashi 44 cikin ɗari na manja, a man gyaɗa kuwa wajen kashi 10 ne.

A jiki dai ba ya yin gudaji kamar na kwalba. Laifinsa shi ne in ya yi yawa yana ɗaga kolestarol mai illa, wanda a hankali ke ƙuntata hanyar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitse kada ya wuce kashi 10 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini.

Sai dai ko ka yi sallama da manja ba ka rabu da shi ba. Hanta na ƙera shi daga rarar tuwo da sukari. Yana cikin nonon uwa, wajen kashi ɗaya bisa huɗu ko biyar na maiƙonsa. Da shi huhu ke haɗa ɗan santsin da ke hana shi manne wa kansa in an fitar da numfashi, kuma ƙarancin santsin nan ne ke sa bakwaini wahalar shaƙar iska.

Gwaggo dai ta gama wa'azinta, ta kwashe tuwon dawa, ta zuba miyar kuka, ta kankaro man shanu rabin cokali ta ɗora mini a kai. Nata cokali guda ta sa.