Daga Garwa zuwa Rumsiki: Duwatsun da Suke da 'Yan'uwa a Teku

Matafiyin da ya bar Garwa da asuba, ya ba wa kogin Binuwai baya, ya nausa arewa ta Figil har Mokolo, zai ga ƙasa tana sauya kama a hankali. Shimfiɗaɗɗun duwatsun yashi na kewayen Garwa sukan ja baya, tuddan Mandara su ɗago kai. Kimanin kilomita 55 bayan Mokolo, daf da iyakar Nijeriya, sai ga Rumsiki a ƙasar Kapsiki, inda duwatsu suke tsaye cak kamar taɓare a tsakiyar kwari. Mafi shahara cikinsu ya kai mita 1,224 sama da bakin teku.

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, kowane ɗaya daga cikinsu maƙogwaro ne na tsohon dutse mai aman wuta. Narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya daskare a cikin hanyar fitarsa. Ruwan damina da iska suka cinye gangar jikin da ta lulluɓe shi, aka bar zuciyar mai tauri ita kaɗai. Masana sun ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 30. Ta yaya suka sani? A jikin dutsen akwai sinadarin fotashiyam, wanda wani ɓangarensa yake rikiɗewa ya zama iskar argon bisa wani ƙayyadajjen sauri. Idan an auna yawan kowanne, sai a lissafa lokacin da dutsen ya huce.

Abin mamaki shi ne, dangin waɗannan duwatsu suna can tsakiyar ruwa. Wani layi na duwatsu masu aman wuta, mai tsawon kusan kilomita 1,600, ya ratsa Kamaru daga arewa, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya faɗa tekun Atlantika, inda ya haifi tsibiran Biyoko da Firinsife da Sawo Tome da Annobon. A Firinsife, dutsen da yake can ƙasa ya daskare ne a ƙarƙashin ruwa shekaru miliyan 31 da suka wuce, wato sa'an na Rumsiki ne. Daga baya wasu malaloli suka hau kansa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, na sama ƙanen na ƙasa. Tsibirin ya adana shimfiɗunsa kamar shafukan littafi, Rumsiki kuwa ya nuna mana abin da yake saura idan shafukan sun zaizaye.

Wutar arewa ta mutu tuntuni, amma ta kudu tana nan da rai. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Niyos, wanda yake cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar da ta shaƙe mutane fiye da 1,700 tare da dabbobinsu. Tun daga 2001 aka soma kafa bututu a tafkin domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Saboda haka, idan hali ya yi, kuma an tabbatar da lafiyar hanya, a kai yara su ga Rumsiki da idonsu. A gaya musu cewa wannan dutse da ya yi shiru wuta ne a da, kuma ƙannensa na kudu ba su huce ba tukuna.