Kiɗan Mutum Huɗu a Gidan Fursuna

Turawa suna da kiɗa iri biyu. Akwai na taro, inda makaɗa kamar tamanin sukan zauna, madugu ya tsaya gabansu da 'yar sanda yana bi da su. Akwai kuma wanda suke kira kiɗan ɗaki, watau na mutum uku ko huɗu ko biyar, ba madugu. Ni dai wannan na biyun ya fi shiga raina, ga kuwa dalili.

A shekarar 1940, cikin yaƙin Hitila, Jamusawa suka kama wani sojan Faransa mai suna Olivier Messiaen, gwanin tsara kiɗa a takarda. Aka tsare shi a sansanin fursunonin yaƙi na garin Görlitz. Cikin fursunonin akwai makaɗa uku: ɗaya mai goge irin na Turawa, ɗaya mai babban goge wanda akan jingina tsakanin gwiwoyi, ɗaya mai busa wata irin sarewa da ake kira kilarinet. Shi kuwa fiyano yake kaɗawa. Ba a saba haɗa waɗannan kaya huɗu ba, amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wani mai gadi ya samo masa takarda da fensir, ya tsara kiɗa daidai da mutanen da Allah ya haɗa shi da su, ya sa masa suna Kiɗan Huɗu na Ƙarshen Zamani.

Ran 15 ga Janairu, 1941, ana tsananin sanyi, suka kaɗa shi gaban fursunoni da masu tsaronsu. Kiɗan kashi takwas ne, amma a kashi huɗu kaɗai dukansu suke kaɗawa tare. A na uku mai sarewa ne shi kaɗai, yana kwaikwayon kukan tsuntsaye, sauran suna saurare. A na shida kuwa duk huɗun murya ɗaya suke bi, in ɗaya ya yi gaggawa ko ya makara, kowa zai ji.

To, 'yan'uwa masu karatu, abin lura a nan shi ne, cikin taron tamanin rago yakan ɓuya, amma cikin huɗu ba wurin ɓuya. Tilas kowa ya riƙe nasa, ya kasa kunne ga ɗan'uwansa, ya kuma san lokacin yin shiru. Messiaen ya rasu a 1992, amma har yau ana kaɗa kiɗan nan a ƙasashe da yawa. Wanda ya ce sai kayan aiki sun cika zai fara, ya tuna da mutanen nan huɗu.