Ziyarar Vom, Garin Maganin Dabbobi

A shekarar 1983, lokacin da bushiya ta auka wa shanun ƙasar nan, mahaifinmu ya wayi gari da igiya a hannu, garke kuwa ya kwanta. Saboda haka da ɗan ƙanena ya same ni a Agege, ya ce shi karatun lafiyar dabbobi yake so, ban tsaya jin ta bakin mutane ba. Na ce mu tafi Vom, domin gani ya kori ji.

Daga Jos muka bi ta Bukuru, muka ratsa manyan duwatsu da tsofaffin ramukan kuza, har muka isa. Vom ƙasar Birom ce, tana bisa tsauni, ga sanyi, ga iska mai daɗi. Wannan tudu ne ya sa ƙudan tsando, mai kawo sammore, bai sami wurin zama ba, shi ya sa aka ɗauke ɗakin binciken cututtukan dabbobi daga Zariya aka kawo shi nan a 1924, don a riƙa haɗa maganin bushiya. Shi ne ya bunƙasa ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, inda ake yin allurar rigakafin ciwon huhu na shanu da ta cututtukan kaji. Ita kuwa bushiya, a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Dab da cibiyar akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi, wadda asalinta makarantar malaman dabbobi ce da aka buɗe a 1941. Mun ga ɗalibai cikin fararen riguna, waɗansu a ɗakin gwaji, waɗansu wajen shanu.

To jama'a, ga abin da ya kamata uba ya sani tun bai kashe kuɗinsa ba. Kwalejin Vom difloma take bayarwa, watau ƙarama ta shekara biyu, kana babba ta shekara biyu. Wanda ya gama zai iya aikin rigakafi da jinya da duba nama, amma ba a kiransa likitan dabbobi. Mai neman wannan suna sai ya shiga jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Ibadan, ko ta Nsukka, ya yi shekara shida, sa'an nan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista. Lalle kuma ya zo da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya.

A hanyarmu ta komowa yaron ya yi shiru, can sai ya ce, "Baba, shekara shida da yawa, amma likita nake so in zama." Na ce, "Idan haka ne Zariya za ka nema. In ba ta samu ba, kada ka raina Vom, gama da hanau gara mannau."

Da na waiwaya na hango shanu suna kiwo a gindin dutse, sai igiyar nan ta hannun mahaifinmu ta faɗo mini a rai. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa jikansa ya tsare wa wani garkensa, amin.